Kyamara ko inshora: wanne zan fara sa wa kuɗi a shaggar da zan saya a Jidda?

Abu_Sumayya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sani a taimaka min da shawara. Tun da aka rushe mana unguwarmu ta Hindawiyya a 2022 muke yawon haya, yanzu Allah ya hore, banki ya amince zai ba ni tamwil, wato bashin sayen gida, na kuma samu shagga, wato fulat a cikin gidan bene, mai ɗaki huɗu a gabashin Jidda, bayan titin Haramain. A ƙasa take, amarar, wato benen da shaggar ke ciki, ta shekara 11 da ginawa. Ban ba da arbun, wato kafin alƙalami, ba tukuna. Na yi lissafi, idan na cire haraji da la'adar dillali da kuɗin kwashe kaya abin da zai rage a hannuna bai fi riyal 7,000 ba. Uwargida ta dage sai an sa kyamara da makullin nan mai buɗewa da yatsa saboda ni aikin dare nake yi, ita da yara ne kawai ke kwana a gida. Wani abokin aikina kuma ya ce in bar zancen kyamara in yi inshora. Dillalin ya ce ba na buƙatar wata inshora tunda ta banki na cikin kuɗin da zan riƙa biya duk wata. Wa zan bi?

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Ma sha Allah, Allah ya sa albarka ya sa gidan zama ne. Ni dai ina bayan uwargida. Mace ita kaɗai da yara a shaggar ƙasa, ƙarfe biyun dare a buga ƙofa ba ka nan, ai ko don kwanciyar hankalinta ka sa mata kyamarar.

Dan_Kilo14:
Abu Sumayya tsaya tukuna. Ka ce gabashin titin Haramain, ka ce a ƙasa, kuma ɓarawo kake tunani? Ɗan uwa ruwa za ka fara tambaya. Ranar Laraba 25 ga Nuwamban 2009, 8 ga Zulhijja, alhazai na tafiya Mina, ina ɗan shekara 16 a lokacin, ruwan da ya gangaro daga kwaruruwan gabas ya shigo mana falo har ƙirji cikin abin da bai kai rabin awa ba. Mahaifiyata a kan firji muka ɗora ta kafin maƙwabta su ja mu sama. Sama da mutum 120 suka rasu a Jidda ranar, unguwar Guwaiza ce ta fi jin jiki. Firji, mukayyif mai sanyaya ɗaki, katifu, kayan ɗakin yayata da za ta tare bayan sallah, duk laka ta cinye. Babu ɓarawon da zai yi maka irin wannan kwasar a dare ɗaya. Gaskiya an gina madatsai da magudanai bayan nan, ba kamar da ba ne, amma ko a 24 ga Nuwamban 2022 milimita 179 ya sauka a kudancin Jidda cikin awa shida, kowa ya ga motoci na iyo. Kafin ka ba da ko halala ka je unguwar, ka bar dillalin a mota, ka tambayi mai bagala, wato shagon kayan masarufi, da ladanin masallaci ina ruwa ya tsaya a 2022. Ka duba bangon garejin amarar daga ƙasa, in an yi sabon fenti iya gwiwa kawai to ka san dalili.

Bakano_a_Riyad:
Dan Kilo 14 Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wannan maganar ta fenti iya gwiwa wlh gaskiya ce, har a nan Riyad ana yi.

Muhasib_Safa:
Maganar dillalin rabinta gaskiya ce. Ni ma ta banki na saya, na zauna na karanta kwantiragina shafi shafi. Inshorar da ke ciki ta ginin ce, bango da rufi da abin da ke manne da su, domin bankin dukiyarsa yake karewa har ka gama biya. Akwai kuma yafe ragowar bashin idan mutum ya rasu ko ya nakasa gaba ɗaya, wannan kam alheri ne ga iyali. Amma kujerunka, firjinka, kwamfutar yara, gwal ɗin uwargida, babu ko ɗaya a ciki. Waɗannan sai ka yi musu tasu daban, ita ake kira ta'min muhtawayat, wato inshorar kayan cikin gida. Ba ta da tsada yadda mutane ke zato, ni 'yan ɗaruruwa nake biya a shekara. Ka ce banki su ba ka kwafin takardar yarjejeniyar inshorar da kanta, ba takardar talla ba, ka nemi kalmar suyul da amɗar, wato ambaliya da ruwan sama, a ciki ka ga ko an rufe su ko an cire su.

Sannan wani abu: ka ce kana cire haraji a lissafinka. Idan kana da jinsiyya, wato kai ɗan ƙasar Saudiyya ne, kuma wannan ne gidanka na farko, gwamnati ke ɗaukar harajin cinikin gida na kashi 5 har zuwa riyal miliyan ɗaya na kuɗin gidan. Ta Sakani, manhajar gidaje ta gwamnati, ake ciro shahadar, wato takardar shaidar hakan. Ka bincika kafin ifrag, wato mayar da gidan da sunan mai saye.

Abu_Sumayya:
Muhasib Allah ya saka da alheri. Gidan Hindawiyya da sunan mahaifinmu yake, ni ban taɓa mallakar komai da sunana ba. Gobe in sha Allah zan shiga Sakani in gani. Dan Kilo 14 ka sa jikina ya yi sanyi, ban ko kawo ruwa a raina ba.

Malam_Jarwal:
Ina so in ja hankali kan wani ɓangare da ba a taɓo ba, wato halaccin abin. Majalisar manyan malamai ta ƙasar nan tun 1397 bayan hijira ta rarrabe: inshorar kasuwanci ta hana saboda garari da caca da ke cikinta, ta taimakekeniya kuma ta halatta, inda jama'a ke zuba kuɗi da niyyar tallafa wa wanda masifa ta faɗa wa. Suna kafa hujja da irin abin da Ash'ariyyawa, wata ƙabilar Yaman ta zamanin Annabi, ke yi, idan guzurinsu ya yi ƙaranci su tara abin da ya rage a mayafi guda su raba daidai, Annabi SAW ya yabe su a kan haka. Dokar ƙasar nan ta 2003 ta ce kamfanoni su yi aiki a tsarin ta'awuni, wato taimakekeniya. Sai dai akwai malaman da har yau ba su gamsu da yadda kamfanonin ke yi ba, saboda rarar da ta rage kashi 10 ne kawai ke komawa ga masu zubi, 90 na masu hannun jari. Wanda banki ya wajabta maka babu laifi a kanka. Wanda za ka yi da zaɓinka kuma ka tambayi malamin da ka yarda da shi, ka nemi kamfanin da ke da kwamitin shari'a.

Dan_Sabil:
Ni fa Malam duk wannan ban yarda da shi ba. Kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan daga Hausa, wasu shekara biyar wasu bakwai a hanya, ba inshora ba kyamara, Allah ya tsare su. Ka yi azkar ɗinka safe da yamma ka rufe ƙofarka shi ke nan.

Malam_Jarwal:
Dan Sabil ɗan uwana, azkar kam shi ne gaba da komai. Amma ka lura kai ma ka ce a rufe ƙofa. Kakannin namu kuma a ayari suke tafiya, wanda jakinsa ya mutu a Wadai ko Darfur sauran ne ke raba kayansa su ɗauka. Abin da ake gardama a kai shi ne ko kamfani ya tsaya a matsayin ayarin ko bai tsaya ba.

Hajiya_Misfala:
'Ya'yana ku bar ni in faɗi tawa. Mu a unguwanninmu na Sabil da Karantina da Hindawiyya wa ya taɓa sa kyamara? Tsohuwa na zaune a bakin lungu tana sayar da gyaɗa da habbatul aziz, wato aya, baƙo bai isa ya wuce ba ta tambaye shi gidan wa yake nema ba. Yanzu an warwatsa mu a amarori, shekara biyu ban san sunan matar da ƙofarta ke kallon tawa ba sai da na kai mata ƙosai da azumi. Abu Sumayya ɗana, ranar da kuka tare ka sa uwargida ta dafa abinci ta bi ƙofa ƙofa. Kuma ka san haris, wato mai gadin amarar, ka riƙa kyautata masa. Wannan ba ya hana kyamarar, amma kyamara ba ta fitowa da sanda in an ji ihu.

Ummu_Hanan:
Hajiya Allah ya ƙara lafiya, kin tuna min da lungunmu har na yi ƙwalla.

Fanni_Kamarat:
Sana'ata ce wannan, shekara tara ina ɗaura kyamara a Jidda da Makka, bari in faɗa maka abin da masu shago ba sa faɗa. Shagga ba fila ba ce, wato gida guda mai katangarsa. Ƙofa ɗaya gare ka da tagogi, ba ka buƙatar kyamara takwas da akwatin rikodin. Guda ɗaya a ƙofar shiga, irin mai ƙararrawa da za ta ga mai bugawa ta wayarta ta yi masa magana ba ta buɗe ba, sai ɗaya ta bayan gida wajen tagar kicin tunda a ƙasa kuke. Ezviz ko Tapo ko Hikvision duk suna yi. Abin da ya fi kyamarar muhimmanci kuma ya fi arha: ranar da aka ba ka makulli ka canza galb ɗin ƙofar, wato inda ake zura makulli, ba ka san hannu nawa tsohon makullin ya bi ba, masu haya, masu fenti, dillalai. Sai ƙarfen taga, amma dan Allah ka bar aƙalla taga ɗaya mai buɗewa daga ciki, makullinta rataye kusa inda yara manya suka sani.

Abu biyu da nake yawan gani. Na ɗaya mutane ba sa canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita, na taɓa shiga wani gida gyara na tarar kyamarar falo shekara uku a buɗe, matan gida na zirga zirga ba lulluɓi, duk wanda ya san lambar zai iya kallo. Ni shawarata kada ka sa kyamara cikin ɗakuna ko falo ko kaɗan. Na biyu katin ajiya. Zafin Jidda da danshin teku suna kashe katin banza cikin watanni, kyamara na nuna maka hoto kai tsaye ka ɗauka tana ɗauka, ranar da abu ya faru ka duba ba komai. Duk farkon wata ka koma baya ka duba na jiya.

Makullin yatsa kuma yana da daɗi amma in ƙofar katakon banza ce ado ne kawai. Ka tabbatar yana da makullin hannu na ko ta kwana saboda batir.

Bint_Rusaifa:
A ƙara da cewa kar kyamarar ƙofa ta kalli ƙofar maƙwabci. Mu a amararmu rigima aka yi sosai a kan haka, mutumin ya ce ana ɗaukar matansa suna shiga suna fita, kuma gaskiyarsa ce. Sai da aka karkatar da ita aka zauna lafiya.

Fanni_Kamarat:
Haka ne Bint Rusaifa. Kuma ko ɓarawo ka kama a kyamara kar ka watsa a Snapchat ko WhatsApp, ka kai wa 'yan sanda. Dokar laifukan intanet ta 2007 tana iya kai mutum ɗaurin shekara ɗaya ko tarar da ta kai riyal 500,000 a kan taɓa sirrin mutane ko ɓata musu suna ta hoto. Dokar kyamarori ta 2022 ma ta hana yaɗa rikodin wuraren da ta shafa ba da izini ba.

Wad_Bahri:
Salamu alaikum, ni ɗan uwanku ne daga Sudan, Bahri, yanzu ina Jidda wajen ƙanwata. Na karanta duka. Gidana ƙofar ƙarfe biyu gare shi, kyamara huɗu, sola a sama saboda yankewar wuta. Shagona kuma yana da ta'min, ku sani a Khartoum aka fara kafa kamfanin inshorar Musulunci a 1979, mu abin ba baƙo ba ne a wajenmu. 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya tashi. Mun fita da kayan jikinmu muna cewa kwana uku mu dawo. Ina kallo ta waya aka ɓalle ƙofar, kwana biyu bayan nan kyamarorin ma aka cire su, har wayoyin wuta na cikin bango an zare. Da na koma kan takardar ta'min ɗin shagon sai ga shi a rubuce ƙarara, yaƙi ba ya ciki, kuma haka yake kusan ko'ina a duniya. Ban faɗi wannan don in tsorata kowa ba, Allah ya dawwamar wa ƙasar nan da zaman lafiya. Abin da nake so in ce, abu guda da ya rage min a gidan nan shi ne hoton shahadar bahas, wato takardar shaidar mallakar fili, da na ɗauka a waya na tura wa ƙanwata shekara guda kafin yaƙin. Da shi nake da hujjar cewa filin nawa ne. Ka gyara takardunka kafin komai, ka ajiye kwafi a wajen gidan.

Hajiya_Misfala:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar maka da mafi alheri ɗana, Allah ya kawo wa Sudan sauƙi.

Dan_Sabil:
Amin. Zancen takarda kam na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Lokacin rusau masu sakk, wato takardar mallaka ta hukuma, an biya su ƙasa da gini, mu da muke da takardar cinikin hannu kawai ta kakanmu ba a lissafa mana ƙasar ba, sai ginin. Shekara hamsin muna zaune a wurin.

Muhasib_Safa:
To Abu Sumayya tunda ta banki ce su ma za su bincika sakk ɗin, amma kai ma ka duba da idonka: na lantarki ne, sunan mai sayarwa ne a kai, shaggar an yi mata farz, wato an ware ta, tana da sakk nata ita kaɗai, ba jingina a kanta. Dillalin ka ce ya nuna maka lasisin Fal, wato lasisin dillancin gidaje, la'adarsa kashi 2.5 ce in ba ku rubuta wani abu daban ba. Ka tambaya ko amarar na da ƙungiyar masu gida mai rajista a Mullak, shafin gwamnati na irin waɗannan ƙungiyoyi, domin in tankin ƙasa ya tsage ko lif ya lalace su ne za su haɗa kuɗi, in babu to kowa zai noƙe.

Musa_Igama:
Afuwan zan ɗan kauce. Mu masu igama, wato baƙi masu takardar zama, fa, za mu iya saye? Shekarata 19 a Makka ina biyan haya.

Bakano_a_Riyad:
Malam Musa da can mai igama na iya neman izinin ma'aikatar cikin gida ya sayi gidan zamansa, banda Makka da Madina. An yi sabuwar doka a 2025 da ta fara aiki a Janairun 2026, ta buɗe wa baƙi mallaka a wuraren da aka ware, Makka da Madina kuma da sharuɗɗansu na musamman, sai Musulmi. Ka shiga shafin hukumar agar, wato ta gidaje da filaye, ka karanta da kanka. Abin da zan roƙe ka kawai kada ka saya da sunan wani, ko aminin ka ne. In ya rasu magada sakk za su duba ba amana ba.

Muhandisa_Zainab:
Mu dawo kan shaggar. Yaya Abu Sumayya, inshorar aibin ɓoye ta shekara 10 da ake ta magana a kanta ta sababbin gine gine ce, amara mai shekara 11 ba ta ciki, ko garantin ɗan kwangila na shekara goma ya riga ya wuce. Don haka duk abin da ya ɓullo bayan ifrag naka ne. Ni da zan raba kuɗin nan naka, na farko mai duba gini zan biya kafin arbun. Ya gwada danshi a bangon banɗaki da kicin, ya rufe duk famfuna ya ga ko mita na juyawa, ya buɗe akwatin wuta ya ga girman wayoyin da ke zuwa mukayyif da hita da ko akwai wayar ƙasa. Shaggar ƙasa ita ke karɓar duk yoyon na sama, in babban bututun bayan gida ya toshe kuma ta wajenku zai fara dawowa. Inshora ba ta biyan yoyon da ya daɗe yana tsiyaya a hankali, sai wanda ya fashe farat ɗaya.

Sannan ba wanda ya ambaci wuta sai Fanni da ya taɓo taga. Na'urar jin hayaƙi kuɗinta bai kai na cin abincin dare ɗaya a waje ba. Ɗaya a koridon ɗakunan kwana, ɗaya kusa da kicin, na'urar jin gas ƙasa ƙasa kusa da ambuba, wato tukunyar gas, tunda gas ɗin ya fi iska nauyi, da abin kashe wuta da bargon wuta. Hayaƙi ne ke kashe mutane suna barci. A koya wa yara lambar kiran gaggawa 911 da ta masu kashe gobara 998.

Ummu_Hanan:
To gwal fa? Mu mata duk abin da muka tara na adashi a gwal yake. In an yi inshorar kaya yana ciki?

Muhasib_Safa:
Anti Ummu Hanan a tawa takardar an sa masa iyaka 'yar kaɗan, kuɗin hannu ma haka, sai in kin bayyana shi daban da rasit an ƙara kuɗi. Kuma sata sai da alamar fasa ƙofa ko taga da rahoton 'yan sanda, in da makulli aka buɗe ko wani na cikin gida ne ya ɗauka ba sa biya. Akwai kuma sharaɗin barin gida ba kowa, tawa kwana 30 ce a jere, masu tafiya Kano ko Damagaram hutun bazara wata biyu su lura da wannan. Ki ɗauki hoton kowane abu da rasit ɗinsa. Mai yawan kuma akwatin banki ya fi.

Bint_Rusaifa:
Ni dai an taɓa biyan yayana lokacin da hitarsa ta fashe ta lalata silin na ƙasa da su, kamfanin ne ya gyara wa maƙwabcin, in ban da haka da zumunci ya ɓaci. Amma sai da ya yi wata uku yana bin su, kuma sun cire tahammul, wato kason da mai inshora ke biya daga aljihunsa.

Dan_Sabil:
Kun ji ko, wata uku.

Muhasib_Safa:
In sun ja maka rai akwai inda ake kai ƙara, tun 2023 hukumar ta'min ce ke kula da su, da can babban banki ne.

Abu_Sumayya:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yau bayan la'asar na je ni kaɗai kamar yadda Dan Kilo 14 ya ce. Mai bagala ya ce a 2022 ruwa ya hau dakalin shagonsa ya tsaya a matakala ta biyu ta amarar, bai shiga shaggar ba, matakalar huɗu ce. Haris kuma ya ce bai shiga ko gareji ba, maganarsu ta saɓa. Fentin garejin na duba, ƙasan ya fi saman haske. Shahadar Sakani ta fito alhamdu lillah. Na kira mai duba gini zai zo ranar Asabar, na gaya wa dillali ba arbun sai bayan nan, ransa bai so ba, wai akwai wani mai so. Akwai wata a hawa na uku a amarar amma ta fi da riyal 45,000 kuma mahaifiyata ba ta iya hawa in lif ya tsaya. Uwargida ta karanta duk abin da kuka rubuta, ta yarda da na'urar hayaƙi da canza galb, amma ta ce kyamarar ƙofa ba fashi.

Ummu_Hanan:
Ka gaishe min da ita, ina nan a bayanta.

Dan_Kilo14:
Matakala biyu cikin huɗu ni dai ba ta kwanta min ba. Ka nemi wani tsohon mazaunin amarar ka ji ta bakinsa, ba haris ba. Muhandisa, in mai duba ginin ya zo zai iya gane ko ruwa ya taɓa shiga daga tayil ɗin ƙasa da ƙofofin katako?

Muhandisa_Zainab:
Zai iya in ya san aikinsa. Ya duba ƙasan firam ɗin ƙofofi ko ya kumbura, ya cire murfin soket ɗin da ya fi kusa da ƙasa ya leƙa, laka da tsatsa ba sa ɓuya a nan. Yaya ka ɗauko mana hoton cikin soket ɗin ranar Asabar mu gani.